Kwakwar da Ke Ƙarƙashin Kogi

Bana ruwa ya yi nawa. Hadari yakan haɗo ta gabas, ya yi ta gurnani kamar da gaske, sai iska ta taso ta watsa shi, mu tashi da zufa kamar yadda muka kwanta. Jiya da hantsi ina zaune a rumfa matan jikokina suka dawo daga famfo suna mita, wai layi ya yi tsawo, wai ruwan ma da ɗumi. Da ɗumi! Na ce, "Ku zo nan, 'yan gata. Ku da ake murɗa ƙarfe ruwa ya zubo, har kun samu bakin cewa da ɗumi?" Suka kwashe da dariya, suka ce Kaka ta fara. To, na fara ɗin. Wanda ya ga bazarar da na gani, in zafi ya yi zafi dole bakinsa ya motsa.

Shekarar da nake nufi Turawa ne ke mulki, suna kuma can suna yaƙinsu a ƙasashen da ba mu sani ba. Ana ɗibar samari soja, ana auna hatsi a loda a jirgin ƙasa a Malam Madori a yi kudu da shi. Ni ina da goyon fari a lokacin. Muna zaune a wani ɗan ƙauye a gaɓar kogi, tafiyar yini guda zuwa Haɗeja in akwai tsoho a cikin tafiyar. Kada ku tambaye ni inda yake yanzu, kogi ya sauya hanya ya cinye har kufan. Mu uku ne a gidan, na huɗu yana bayana: ni, da maigidan, da mahaifiyarsa. Maigidan noma yake yi da damina, in ruwa ya ja baya ya ɗauki gora da homa ya shiga kamun kifi.

Mahaifiyar tasa Inna nake ce mata, ita kuma har na haihu ba ta daina ce mini Amarya ba. Ba 'yar ƙasarmu ba ce. Tana ƙarama aka sato ta daga kudu, tun kafin zuwan Bature, aka yi ta sayar da ita hannu zuwa hannu har ta faɗo wurin surukina, ya 'yanta ta ya aure ta. Kafin a kawo ni gidan ya rasu. Tana da wasu 'yan tsage ƙanana a goshi waɗanda ban taɓa gani a fuskar kowa ba. Yarensu ya ɓace mata kaf, Hausarta ta fi tawa. Mace ce gajera, mai ƙarfin hannu, ba ta da yawan magana, amma in ta ce a'a, to gara ka je ka roƙi turmi. Ta riƙe ni da kyau, ba zan yi mata ƙarya tana kabari ba. Ranar da na haihu ita ta yi ta hura wutar wankan jego har idonta ya yi ja.

Daminar shekarar ta yaudare mu. Ruwan fari ya sauka da ƙarfi, aka fita shuka da murna, gero ya fito ya yi kunne, sai sama ta bushe. Aka sake shuka, ta sake bushewa. Mu mutanen fadama ba mu cika tsorata da wannan ba, don muna da kogi. Ko sama ta hana, kogi yakan kawo ruwan wasu ƙasashe ya malala mana a gonakin shinkafa. To a shekarar nan ya zo ɗan siriri, bai ko taɓa gindin ciyawar bakin gaɓa ba, ya koma. Tsofaffi suka tsaya a gaɓa suna kallonsa.

Abin da aka girba bai kai mu ƙarshen sanyi ba. Muka koma dusa, muka gama da ita. Muka shiga tafkunan da suka rage muna tonon bado, mu shanya mu daka. Maza suka bi busasshiyar laka suna ƙwanƙwasawa da sanda, inda suka ji ta yi kurma su tona su zaro gaiwa a cikin kwanciyarta. Da gaiwa ta ƙare muka shiga daji. Ganyen aduwa, yaɗiya, 'ya'yan hanza da sai an jiƙa an zubar da ruwan an sake jiƙawa kafin ɗacin ya sake su. Ƙarangiya ma da ke kama mana zane, muka share ta muka sussuke muka yi kunu. Na tona gidan tururuwa da hannuna na kwashe mata ajiyarta, tana cizona ina ba ta haƙuri. Da asuba Inna za ta tashe ni mu fita kafin rana ta yi ƙarfi, mu dawo da hantsi, ni daka, ita tankaɗe, a ɗora tukunya sau ɗaya, shi ke nan sai gobe. In an zuba, Inna takan tura mini nata da bayan hannu ta ce, "Ci, Amarya, ku biyu ne."

Yunwa ana lallaɓa ta. Ƙishirwa ce ba ta jin lallashi. Da bazara ta shigo rijiyar gari ta ƙafe, tafkuna suka zama faranti na laka mai tsagewa, ƙasa ta yi zafin da ko kare ba ya taka ta da rana. Iska in ta buso kamar daga bakin murhu. Bulama, wato mai garinmu, ya tara maza ya ce a sauka cikin kogin a tona. Suka haƙa rami a tsakiyar yashi, suka tokare gefensa da kirare da zana don kada ya rufta. Ruwa yakan tsattsafo cikin dare, da safe Bulama ya tsaya da kansa a raba, kowane gida tulu guda. A gidanmu ni ke rabon: na tukunya daban, sauran kowa ƙoƙonsa. Alwala kuwa tuni liman ya ce a yi taimama.

Kullum ruwan ƙasa yake yi, kullum maza na binsa. Gidaje suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya, wasu Haɗeja, wasu Malam Madori wurin dakon kaya a tasha. Maigidan yana da ɗan'uwan uba a cikin birni, ya ce duk ranar da ramin nan ya daina cika tulu, mu ma mun tafi. Inna ta ce to. A lokacin ba ta da wani abin da zai riƙe ta.

Wata rana masu haƙa suka wuce yashi, suka wuce jan yumɓu, suka faɗa wata baƙar laka mai sanyi, mai warin tsohuwar randa. A cikinta suka ci karo da wani gungume kwance, ya gitta ramin. Baƙi ƙirin. Suka sa gatari, gatari ya yi ƙara ya dawo da tartsatsi. Da ƙyar suka ɓanɓaro guntu suka fito da shi. Ga shi dai itace ne, ga zarensa, ga gurbin da ganye ya taɓa fita a jikinsa jere-jere, amma in ka ɗauka nauyin dutse. Matar Bulama ta yi murna ta samu makamashi, ta cusa a murhu, ta yi ta hura wuta har ta gaji, ko hayaƙi bai yi ba. Aka yi ta gardama. Wannan ya ce giginya ce, aka ce ina, jikin giginya sumul yake. Wancan ya ce goriba, aka ce goriba ba ta yin wannan kauri. Masunta da suka san kowane itace daga nan har bakin Chadi suka juya shi suka juya, suka ce ba su san shi ba.

A cikin lakar kuma akwai wasu ƙwallaye baƙaƙe, ba su kai ƙodagon goriba ba, kamar kan babban yatsa, kowanne da 'yan idanu uku a gindinsa. Maza suka wanke su da yashi suka mai da su 'ya'yan dara. Maigidan ya zo da cikin tafi guda a aljihu, ya zube a tabarma wai yaro ya yi wasa. Ina tsugune ina tsince hanza, Inna na gefe tana saƙar faifai. Sai na ji saƙar ta tsaya. Na ɗaga kai, na gan ta riƙe da ƙwallo ɗaya dab da idonta.

Ta ce, "A ina ka samo wannan?"

Ya ce, "A ramin ruwa, Inna. Suna nan da yawa a ƙasa."

"Wani fatake ne ya zubar?"

"Wane fatake, Inna? Tsayin mutum nawa muka tona kafin mu same su. Har da gungumen uwarsu."

Ta miƙe ba ta ko ɗauki mayafi ba. Muka bi ta har kogi cikin ranar nan. Mata ba sa sauka ramin, amma ba wanda ya iya hana ta. Aka ɗaura mata igiya a ƙugu aka zura ta. Muna leƙe ta sama muka ga ta durƙusa a laka, ta ɗora tafukanta biyu a kan gungumen tana shafa shi daga nan zuwa can. Ta daɗe. Da aka jawo ta fuskarta duk laka da hawaye, ni kuwa tunda nake ban taɓa ganin hawayenta ba.

Ta ce, "Kwakwa ce. Kwakwar manja. Itacen garinmu ne."

Manja mun san shi, jirgi na kawo shi a garwa, mai hali ya saya. Amma itacen da ke ba da shi, babu wanda ya taɓa sa shi a ido duk garin, an ce sai can kurmi inda ruwa ba ya ɗaukewa. Inna ta zauna a yashi ta yi maganar da ta fi duk wadda na ji daga bakinta tun zuwana. Ta ce sunan uwarta ya ɓace mata, sunan garinsu ya ɓace mata, amma tana ganin hannuwan uwarta jajaye da mai har gwiwar hannu. Ta ce yara su ake bar wa ƙwallayen nan su fasa da dutse su ci na ciki. Ta juya ta dubi busasshen kogi, da ƙayoyi, da farin sama, ta ce, "Ashe a nan ma sun zauna. Ashe sun riga ni zuwa."

Liman ya ce wannan ba ya rasa nasaba da ruwan Ɗufana, ikon Allah ya fi gaban mamaki. Shekaru da yawa bayan haka na ba jikana Habu labarin, wannan mijin nawa da ba ya kawo cefane sai turanci. Ya ce wai a makaranta an koya musu duniya ta sha sauya yanayi, an yi zamanin da ƙanƙara ta rufe ƙasashen arewa, an yi zamanin da ruwa ya yi yawa a nan har hamada ta yi kore, itatuwa su matsa gaba in sun samu daɗi, su ja baya in sun rasa, wanda laka ta binne ya daɗe har ya zama dutse. Na ce wato su ma cirani suke yi. Ya ce kusan haka. Na ce to Inna ta riga malamanku ji a jikinta, tashi ka ba ni wuri.

Da mun san abin da zai biyo baya, da maigidan ya bar ƙwallayen nan a rami. Bayan 'yan kwanaki na lura leɓen Inna ya tsattsage, muryarta ta dushe, in ta miƙe sai ta dafa bango. Ga shi kuma kullum ina miƙa mata ƙoƙonta, ta karɓa ta zaga bayan ɗaki. Na ɗauka kunyar sha a gabana take ji. Ran nan na zaga neman kara, sai na ga wuri a gindin danga an kewaye shi da ƙaya, an yi masa 'yar inuwa da tsohon faifai. Ƙasar wurin jiƙe take, ashe ƙwallayen nan ta binne a ciki. A garin da ko yawu mutum ba ya tofarwa!

Wallahi raina ya ɓaci. Kunyar suruka ta fita daga idona, na same ta a ɗaki na ce, "Inna, ruwan da nake ba ki, ƙasa kike ba wa?"

Ta ce, "Rabona ne, Amarya. Ban taɓa na kowa ba."

"Inna, dutse ne fa! Maza dara suke yi da su. Ki ƙwanƙwasa a haƙori ki ji."

"Ƙwallon kwakwa dama haka yake da tauri. Ba ta gaggawa. A garinmu sai a manta da an binne ta, sannan ta fito."

"In kin mutu kafin ta fito fa?"

Ta dube ni ta ce, "To ta fito a kaina."

Na fita ina huci. Da maigidan ya dawo na tare shi tun a ƙofa na faɗa masa. Ya shiga wurinta ya durƙusa, ya yi magana ƙasa-ƙasa, ya fito kansa a sunkuye. Me zai yi? Uwa ce. Abin da ya samu kawai shi ne ta yarda ta riƙa kurɓar rabi a gabansa, rabin kuma ba ruwan kowa. Ni kuma na shiga dabara, in na dama kunu in tsinka nata ya yi ruwa-ruwa. Ta gane, ta sha abinta. Haka muka yi ta yi, ina jin haushinta ina jin tausayinta, in na gan ta tsugune a gindin dangar nan tana gyara ƙaya sai in rasa wanne ya fi yawa.

Sai ramin ya fara gazawa. Tulu ya koma rabi, rabin ma laka, sai an tace da bakin zane. Nonona ya ja baya. Yaron da ke cika gida da kuka ya koma sai ya buɗe baki ba sauti. Bulama ya ce shi kam ya sallami kowa, ranar kasuwar Haɗeja mai zuwa za a tashi gaba ɗaya a tafi tare, don kada wani ya faɗi a hanya ba mai ɗaga shi. Maigidan ya faɗa wa Inna. Ta ce, "Allah ya kiyaye hanya. Ni ina nan sai ta fito."

Ya ce, "Inna, ba kowa a garin. Wa zai ɗebo miki ruwa? Ina ma ruwan?"

Ta ci gaba da saƙar faifanta.

Aka turo liman ya yi mata nasiha, ta saurara da ladabi, ta yi masa godiya, ba ta sauya ba. Matar Bulama ta zo ta yi faɗa ta yi kuka ta tafi. Ni na ga kamar na fi su wayo. Na ɗauko wani ƙoƙo mai faɗi na ce, "Inna, ga shawara. Mu tono su da ƙasarsu mu zuba a nan, ni zan ɗauka a kaina. In mun je birni mu dasa a bakin rijiya, su sha har su ƙoshi."

Ta dubi ƙoƙon. Sannan ta ce, "Amarya, ke ba a taɓa tumɓuke ki ba. Daga gidan ubanki aka kawo ki nan da guɗa, in kin yi kewa ki je ki dawo. Ni na san abin. A ƙasar nan na same su, a ƙasar nan za su zauna."

Na ajiye ƙoƙon na koma wurin ɗana.

Ranar tafiya aka raba ruwan ƙarshe tun da sassafe. Gari ya cika da kukan awakin da suka rage da ƙarar ƙore. Muna da wani jaki da ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa, maigidan ya ɗaura masa tabarmi da tukunya, ya bar wuri a tsakiya ya shimfiɗa tsumma. Inna na zaune a gindin danga da ƙoƙonta a cinya, ba ta sha ba, ba ta zuba ba tukuna. Mutane suka fara wucewa ta ƙofar gida suna kira, "Ku fito mana, rana na yi!" Wani dattijo ya leƙo ya ce wa maigidan, "Kai, ɗauke ta kawai. In kun isa ka ba ta haƙuri. Fushin uwa da rai ya fi gawarta."

Maigidan ya saki igiyar jakin. Ya je ya durƙusa ya ce, "Inna, ki yafe mini." Ya karɓi ƙoƙon ya ajiye a gefe, ya sa hannu a hammatarta ya ɗaga ta sama cak, don ba ta fi nauyin dami ba a lokacin. Ya nufi jakin da ita.

Ba ta yi kokawa ba. Jikinta ne ya sandare. Sai wata murya ta fita daga bakinta, ba tata ba, siririya, irin ta ƙaramar yarinya, tana maimaita wata kalma da ba Hausa ba, ba Barbarci ba, ba Fillanci ba. Tana faɗa tana ƙarawa. Ko uwa take kira, ko sunan wani ne, Allah kaɗai ya sani. Yaren da ta ce ya ɓace mata tun kafin a haifi maigidan, ga shi ya fito a tsakar gidanmu. Daga ƙarshe ta ce da Hausa, "Sauke ni. Sauke ni!"

Ya sauke ta a hankali. Ta zauna a ƙasa tana haki. Da numfashinta ya dawo ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, "Haka mai dokin ya yi. Ina gindin kwakwa ina fasa ƙwallo. Ta nan ya kama ni, ta hammata, ya ɗora a gaban sirdi."

Maigidan ya juya mana baya, kafaɗunsa na motsi. Namiji ne da na gani ya cire ƙugiya daga tafin hannunsa bai ce wash ba. Ya je ya kwance kayan jakin ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a ƙasa, ya dawo ya zauna kusa da uwarsa ya ce, "Shi ke nan, Inna. Mun zauna."

Ya dube ni ya ce in bi ayari, in kai yaron gidan ɗan'uwansa. Ni da zuciya, na ce ba inda za ni. Ban san ko taurin kai ba ne ko tsoro, na dai kwance goyo na zauna a gabansu na ɗora yaron a cinya. Muna ji sawun mutane ya yi nisa, ya yi nisa, har gari ya yi tsit. Ko tsuntsu babu. Inuwar danga ta fara janyewa daga kanmu. A raina ina cewa, yau dutse zai kashe mutum huɗu.

Ban san tsawon zaman da muka yi ba. Yaron ya motsa ya buɗe baki. Inna ta miƙo hannu ta shafa kansa, yatsanta ya tsaya a maɗiga. Maɗigar ta faɗa ciki, har za ka iya zuba ruwa ya tsaya. Na ga ta sake shafawa. Ta dubi wurin da ta kewaye da ƙaya, ta dubi yaron. Ta jawo ƙoƙon nan nata.

Na ɗauka ƙasa za ta ba wa, na kawar da kai don kada in gani. Sai na ji bakin ƙoƙo a leɓena.

"Sha, Amarya. Shanye duka."

Na sha ina kuka, ruwan da ɗanɗanon laka. Ta tsoma yatsa a ɗan abin da ya rage ta ɗiga wa yaron a harshe. Sannan ta rarrafa gindin danga, ta gyara faifan, ta ƙara danna ƙayar da tafin hannu. Na ji tana cewa, kamar mai yi wa wani bayani, "Ita ta yi zaman da ba wanda ya san tsawonsa a ƙarƙashin kogi, ba mai ba ta ruwa. Za ta iya jiran damina. Wannan ba zai iya ba."

Ta dafa danga ta miƙe. Maigidan ya yi wuf ya mai da kaya, ya gyara tsumman, ya jawo jakin gabanta ya durƙusa don ta taka cinyarsa ta hau. Ta girgiza kai.

"Ɗora Amarya."

Na ce, "Haba Inna! Ni a sama ke a ƙasa? Allah ya kiyaye."

"To ku bar shi ya tafi haka. Ni wannan karon da ƙafata zan tafi."

Haka muka kama hanya. Inna a gaba da sandar kara, tana taku ɗaya-ɗaya a yashi mai ƙuna, ni a bayanta da goyo, maigidan na jan jaki da wurin zama ba kowa. In ta gaji ta tsaya, mu tsaya. Ba ta waiwaya ba ko sau ɗaya. Ayari ya yi mana nisa, ba mu cim masa ba. Da muka hau babbar hanya muka fara haɗuwa da mutanen wasu garuruwa, masu gudun ƙishirwa irinmu da masu dawowa daga kasuwa. Duk wanda ya gan mu sai ya tsaya. Tsohuwa na tangaɗi, ƙafa na jini, ƙato na jan jaki a banza.

"Kai wane irin ɗa ne?"

"Ba ka tsoron Allah? Ɗora ta mana!"

"Tir! Haihuwar wani asara ce."

Wata mata har tofar da yawu ta yi a gabansa, a wannan tsadar yawun. Maigidan ya ci gaba da tafiya. Ya sunkuyar da kai ya riƙe igiyarsa, yana shan zagi tun azahar har rana ta yi ja. Ni ce nake ji kamar in fashe, in na buɗe baki zan rama sai ya girgiza mini kai.

Dab da magariba muka hango ganuwar Haɗeja. A bakin ƙofa akwai wani dattijo mai sayar da igiya yana naɗe kayansa. Ya dube mu, ya dubi ƙafafun Inna, ya miƙe tsaye da fushi ya nuna maigidan da yatsa. Ya ce, "Yaro, uwarka ce wannan? Tun daga ina ka taso ta a ƙasa? In ba ka jin kunyar mutane, ka ji ta Allah!"

A nan ne Inna ta tsaya. Ta jingina da sandarta, ta haɗiyi abin da babu a maƙogwaro, ta ɗago ta dubi mutumin.

Ta ce, "Malam, ƙyale mini ɗa. Tunda uwata ta haife ni, shi ne mutum na farko da na ce ya sauke ni, ya sauke ni."

Ta gyara riƙon sandarta, ta shige ƙofar, muka bi bayanta.